Bless Biyu a Kan Jarumi Ɗaya: Mai Jan Wasa Ya Yi Daidai?

Tambaya: Malam, muna buga Dungeons & Dragons bugu na biyar, wasan labarin jarumai da sihiri da ake yi da ɗan lido, mu shida har da mai jan wasa. A zamanmu na ƙarshe gardama ta kaure. Masu sihirinmu biyu kowa ya yi wa jaruminmu sihirin Bless, shi kuwa ya ɗauko ɗan lido biyu zai ƙara a jifansa, mai jan wasa ya ce ɗaya tak. Can kuma ɗaya daga cikinsu ya ɗora masa Shield of Faith, sai aka ce Bless ɗin da shi mai sihirin ya yi ta faɗi. Anya babu son kai a nan?

Amsa: Ɗan'uwa, ku ba mai jan wasanku haƙuri, domin duk hukuncin biyu daidai ya yanke. Sai dai kowanne da nasa dalilin.

Na farko batun suna ne. Littafin 'yan wasa na 2014 ya ce idan aka yi sihiri iri ɗaya sau biyu a kan mutum ɗaya, ba a tara amfaninsu. Mafi ƙarfi a cikinsu shi ke aiki muddin lokacinsu ya haɗu. Bless kan ƙara ɗan lido mai fuska huɗu a jifan kai hari da jifan tsira (wato jifan da ake yi don kuɓuta daga wani haɗari), to ko mutum goma suka yi wa jaruminku ita, ɗan lido ɗaya zai jefa. Amma idan sunan ya bambanta, an wuce wurin. Shield of Faith tana ƙara maki 2 a sulke, wato makin da ke sa a yi wuyar samun mutum da hari, Haste ma tana ƙara 2, kuma wanda ya samu duka biyun ya tashi da 4.

Har ma sihirin da ke gāba da juna ba ya soke ɗan'uwansa haka kawai. Bane kishiyar Bless ce, tana rage ɗan lido mai fuska huɗu. Wanda suka haɗu a kansa zai jefa biyu, ya ƙara ɗaya ya cire ɗaya. Wata rana ya ci riba, wata rana ya faɗi. Mutane kan rikita wannan da dokar fifiko da naƙasu (jifa biyu ake yi, mai fifiko ya ɗauki babba, mai naƙasu ya ɗauki ƙarami), inda ko fifiko uku gare ka, naƙasu guda ya isa ya share su duka ka koma jifa ɗaya.

Hukunci na biyu shi ne inda sababbin 'yan wasa suka fi tuntuɓe, wato riƙe hankali. Wasu sihirce-sihircen ba sa tsayawa da ƙafarsu, sai mai su ya ci gaba da riƙe su a zuci, kuma ɗaya kawai ake iya riƙewa a lokaci guda. Bless tana cikinsu, har tsawon minti 1, wato zagaye 10 na faɗa. Shield of Faith ma haka, har minti 10. Da abokinku ya fara ta biyu, ta farko ta kuɓuce masa nan take, babu jifa, babu roƙo. Ba a gudu ana susar takashi.

Ga abin da nake zaton ya wuce ku ana cikin hayaniya: jaruminku bai yi asarar komai ba. Bless ta ɗaya mai sihirin tana nan a kansa, ga kuma maki 2 na sulke. Waɗanda za a tausaya wa su ne sauran, tunda Bless kan rufe har mutum uku. Duk wanda ta abokin nan kaɗai ke kansa, ya koma hannu rabbana.

Riƙon hankalin kuma yana iya tsinkewa idan an sha duka. Duk lokacin da aka ji wa mai sihiri rauni, sai ya yi jifan tsira na juriyar jiki, ya kai 10 ko rabin raunin, wanda ya fi yawa. An sare shi da 14, yana neman 10. An sare shi da 30, yana neman 15. Kibiya uku, jifa uku. Shi ya sa maƙiyi mai wayo kan bar jarumi ya nufi na baya mai sanda. Gyararren bugu na 2024 ma bai sauya tushen waɗannan dokoki ba.

Kafin ku fara ɗora wa jarumin nan Haste, ku karanta layinta na ƙarshe. Tana ninka gudunsa, ta ba shi ƙarin aiki a kowane zagaye, amma da ta yanke sai kasala ta rufe shi, ba motsi ba kai hari har sai juyinsa na gaba ya wuce. Idan abokin nan naku mai saurin hannu ne ke riƙe da ita, ya sake mantawa ya fara wani sihirin riƙo, da hannunsa zai sandarar da jarumi a gaban dodo.