Kala da bara ba ɗaya ba ne

Wata mai karatu daga Wusasa ta rubuto: "Malam, a Littafin Rut an ce ta tafi kala a gonar Bo'aza. Ɗana ya tambaye ni ko bara ta je yi. Me zan ce masa?"

'Yar'uwa, ki ce masa Rut ba ta miƙa wa kowa ƙoƙo ba. Kala shi ne bin gona bayan girbi, a tsince abin da ya zube ko aka tsallake. (Ba kalar tufafi ba, wannan aro ce daga Turanci.) Duk wanda ya tashi a ƙauye ya ga tsofaffi da yara a gonar gyaɗa bayan an cire, suna tonon ƙasa da 'yar fartanya, ɗaya-ɗaya har ƙwarya ta cika. Mai bara jira yake a ba shi. Mai kala kuwa bayansa ne ke ciwo da yamma. Rut ta wuni a sunkuye, ta sussuke abin da ta tara, ta kai wa surukarta Na'omi kusan efa guda (ma'aunin hatsi ne na Isra'ilawa) na sha'ir.

Abin da ya fi taɓa ni shi ne, wannan ragowar ba alfarma ba ce. A Littafin Firistoci 19:9-10 an hana mai gona girbe ta har gefe, an kuma hana shi komawa ya tsince abin da ya faɗi. Maimaitawar Shari'a 24:19 ta ƙara da cewa ko dami ya manta, kada ya koma ɗauka, na baƙo ne da maraya da gwauruwa. Rut baƙuwa ce daga Mowab, mijinta kuma ya rasu. Ashe abin da doka ta ware mata ta je ɗauka. Shi ya sa ba na jin daɗi idan mai wa'azi ya kira shi sadaka. Sunansa haƙƙi.

Wani kuma ya tambayi bambancin haƙƙi da alhaki, da ma'anar "alhaki kuikuyo ne, mai shi yake bi."

Tushensu ɗaya ne a Larabci, Hausa ce ta raba musu aiki. Haƙƙi shi ne abin da yake naka. Idan wani ya danne shi, sai ya zama alhaki a wuyansa. Kuikuyo kuwa, ko ka kore shi, kana juyawa za ka gan shi a diddigenka. Ba ya ɓatan gida.

Yakubu 5:4 ya ce ladan masu girbi da aka hana su yana kuka, kukan kuma ya kai kunnen Ubangiji. Doka ma tun farko ta ce a biya ɗan ƙwadago matalauci a ranar, kafin rana ta faɗi, domin da kuɗin nan zai sayi hatsin tuwon dare.