Amsa: Me "dude" ke nufi?

Ka tambaya ko zagi ne da abokin aikinka Ba'amurke ya rubuto maka "dude!" A'a, ba zagi ba ne. Kiran aboki ne irin na samari, kamar ka ce "mutumina". In kalmar ta zo ita kaɗai, murya ce ke fayyace ta: in an ja ta, mamaki ne ko murna, in an datse ta, "haba kai!" ake nufi.

Amma ka duba wanda kake gaya wa. A shekarun 1880 ɗan gayu mai yawan ado ake yi wa ba'a da ita, yanzu ta koma ta tsara da tsara. A mu'amalata da Amurkawa, ba a kiran dattijo ko shugaba da ita, ba ta shiga wasiƙar aiki, kuma wasu matan ba sa sonta.