An yi mini allurar baya, me ya sa na ji ana jan cikina?

Tambaya: Likita, an yi mini aikin haihuwa da allurar baya. Ƙafafuna sun mutu murus, amma da aka ciro jaririn sai na ji kamar ana murɗa mini hanji, ga tashin zuciya. Da aka tura wani magani ta jijiyar hannu sai na ji sauƙi. Allurar ce ba ta kama ba?

Amsa: Barka da arziki, Hajiya, Allah ya raya. Da alama ta kama. Maganin da aka fi sawa, bupivacaine, yakan kashe jiki daga ƙirji zuwa ƙasa na kimanin awa biyu. Sai dai wasu jijiyoyin kayan ciki daga can sama suke saukowa, allurar ba ta kai musu. Shi ya sa idan aka ja mahaifa ko tantanin da ya lulluɓe hanji ake jin murɗa da amai, wata ma har kafaɗarta ta amsa. A nan ake tallafawa da maganin rage ciwo ta jijiyar jini: fentanyl maikrogiram 25 zuwa 50, ko pentazocine miligiram 15 zuwa 30, ko ketamine miligiram 10 zuwa 20. Biyun farko akan jira a ɗaure cibiya kafin a ba su, domin suna ratsa mabiyiya su rage wa jariri numfashi.

Jin taɓawa da dannawa ba komai ba ne. Amma jin kaifin wuƙa ko zafi mai tsanani, wannan kada a yi masa kawaici, a faɗa nan take. Idan allurar ta gaza, waɗannan magunguna ba za su maye gurbinta ba, dole a sake ta ko a sa barci gaba ɗaya.

Tambaya: Za a yi wa mahaifina aikin ƙaba, yana da suga da olsa. Me zan gaya wa likita?

Amsa: Ka faɗi duka biyun, ɗan'uwa, ka kuma kai kwalayen magungunansa. Akan ba da dexamethasone miligiram 8 don ya tsawaita sauƙin ciwo ya hana amai, amma yana ɗaga suga na kwana guda ko fiye, sai an riƙa aunawa. Maganin ciwo na diclofenac kuwa a kauce masa ga mai olsa ko ciwon ƙoda. Farasitamol na ƙarin ruwa, giram 1 cikin minti 15, ya fi dacewa da Baba. Kada ya wuce giram 4 a yini, a kuma rage idan nauyinsa bai kai kilo 50 ba.

Tambaya: Ina shan tiramol kullum, kuma an sa mini ranar tiyata. In ɓoye?

Amsa: Kada ka ɓoye, ƙanena. Jikinka ya saba, adadin maganin ciwon da zai ishi wani ba zai ishe ka ba. Haɗari ma na nan: idan aka ba ka pentazocine zai iya tayar maka da gumi, rawar jiki da ciwon da ya fi na farko. Ka keɓe da likitan sa barci, ka gaya masa ƙwaya nawa kake sha da lokacin da ka sha ta ƙarshe, kuma kada ka yanke ta farat ɗaya ba da saninsa ba.