Giyar motar na duka, ƙanin matata ya ce in sayo sabon giyabos

Wani mai saye da sayar da tsofaffin motoci ne ya turo tambaya. Ya sayi Mercedes 300D ƙirar 1983, dizal, otomatik, da niyyar ya ɗan gyara ya sayar ya ninka kuɗinsa. Matsalar ita ce duk sanda giya za ta shiga sai ta yi duka, kamar an bugi motar ta baya. Ƙanin matarsa bakanike ne, ya ce giyabos ya gama yawo, a kawo kuɗi a sayo wani. Wai ya ci bashi ya saya, ko ya sayar da ita a haka?

Malam, batun ninka kuɗi da motar da ta haura shekara arba'in ka ajiye shi gefe tukuna. Kuskurenka ɗaya ne, ka karɓi hukunci daga bakin ƙanin matarka ba tare da ka tambaye shi me ya auna ba, saboda kunya. Da bare ne da ka tambaya.

Injin dizal ba ya samar da zuƙar iska da kansa kamar na fetur, shi ya sa aka sa masa famfo na musamman, bakum ɗin da makanikai ke faɗa. Daga famfon tiyo ke tafiya zuwa wani bawul da ke jikin famfon da ke tura dizal cikin injin, yana rage zuƙar gwargwadon yadda ka taka totur, sannan ta isa modileta a jikin giyabos, ita ke faɗa wa giya ta shiga a hankali ko da ƙarfi. In iska na zurara a hanya, giyabos sai ya ɗauka ka take totur har ƙasa, sai ya riƙa duka alhali lafiyarsa lau. Kuma famfon bakum ɗin nan ɗaya shi ke riƙe da birki, da makullan ƙofofi, da kashe injin, to in birki ya yi tauri ko ka murza makulli injin ya ƙi mutuwa nan take, ai motar ta riga ta faɗa maka inda ciwon yake.

Na san wani dillali da ya zuba kusan sulusin jarinsa a giyabos na hannu kan maganar ɗan'uwansa, aka ɗaura, duka na nan yadda yake, ashe wata robar mahaɗa ce ta tsage. Kuɗin bai dawo ba, gaisuwa ma ta yi wuya tsakaninsu.

Kar ka ci bashi, kar ka sayar tukuna. Kai motar wurin wanda ke da gejin auna zuƙar iska kuma ba ku haɗa komai ba, ka biya shi kuɗin awo kawai. Famfo mai lafiya yana ba da inci 20 ko sama a geji, a layin giyabos kuma allurar ta sauka a hankali zuwa sifili yayin da ake taka totur. A gwada ko modileta na riƙe iska, in an ga man giya cikin tiyonta to ta fashe. A toshe layin ƙofofi a zaga da motar a ji ko dukan ya ragu. Ka rubuta duk lambar da geji ya nuna, da takardar a hannu za ka koma wurin ƙanin matar taka ku yi maganar giyabos.