Amsa ga ƙanwarmu kan wasiƙar shaida ta neman makarantar DO, wato makarantar likitanci ta osteopathy a Amurka

Salam ƙanwata, na ga tambayarki tun jiya amma ina asibiti sai yanzu na samu zama. Kin ce GPA ɗinki, wato matsakaicin makin jami'a, 3.5 ne, a MCAT, jarrabawar shiga makarantar likitanci, kin ci 505, kina da wasiƙa daga farfesan kemistiri da wata daga likitan MD (mai digirin likitanci da aka fi sani) amma ba ki da ta likitan DO, kina tambaya ko wannan zai hana ki samun gurbi. Toh bari in ba ki abin da ya faru da ni, don sau biyu na nema kafin Allah Ya yi.

Gaskiyar magana wasiƙa ba ta ta da matacce, idan maki ya yi ƙasa sosai ko wa ya rubuta miki ba za su ma kai ga buɗe ta ba. Amma ke makinki ba ya cikin wannan, kina tsakiya ne, kuma a tsakiyar nan mutane sun yi yawa, kowa da irin lambobinki, toh a nan ne wasiƙa take raba gardama wajen wa za a kira intabiyu.

Shekarar farko da na nema da tunanin gida na zo, kin san mu can a Kano in ana neman abu babban mutum ake nema ya sa hannu, sunansa kawai ya isa. Sai na je wajen shugaban sashenmu, mutumin da ajinsa mun fi ɗari biyu, ko sunana bai iya faɗa daidai ba, ya ce ba damuwa zai rubuta. Ya rubuta kam, amma sai watan Satumba ta shiga, kunya ta hana ni tuna masa ina ganin kamar rashin ladabi ne, alhali AACOMAS, kafar da ake neman makarantun DO ta cikinta, tun watan Mayu ake buɗe ta kuma makarantun nan da zarar takardunka sun cika suke dubawa suna ba da gurbi, ba sa jiran kowa ya gama. Wlh ko kira ɗaya ban samu ba a shekarar.

Sai na kama aiki a wani ƙaramin asibitin unguwa a Bronx ta birnin New York, ina rubuta wa likita bayanan marasa lafiya a kwamfuta, kuma aka dace likitan DO ne. Wata takwas ina bayansa. Wata rana aka kawo wata dattijuwa 'yar Nijar mai ciwon suga, ba ta jin Turanci, Faransancin ma kaɗan, ni na zauna muka yi Hausa da ita har muka gano ashe maganin take tsallakewa saboda azumi take yi bata gaya wa kowa ba. Ban taɓa ganin wasiƙar da ya rubuta min ba don na sa hannu na yafe haƙƙin gani, amma ranar intabiyu tambayar farko da matar da ke intabiyun ta yi min ita ce in ba ta labarin dattijuwar nan. A nan na gane abin da ya rubuta, kuma mun kai minti goma a kan maganar.

Kan batun wasiƙar likitan DO ɗin kanta, makarantu sun bambanta, wasu sun wajabta, wasu sun ce sun fi so amma za su karɓi ta MD, wasu duk ɗaya ne a wajensu, don haka ki shiga shafin kowace makaranta ki karanta da idonki, sharuɗɗan suna canjawa daga shekara zuwa shekara kar ki dogara da abin da wani ya ce miki, har ni. Amma ni ra'ayina ki neme ta. Mutanen nan suna ji da tarihinsu sosai, tun daga Andrew Taylor Still da ya buɗe makarantar farko a Kirksville ta jihar Missouri a 1892, kuma ba sa son wanda ya zo musu don kawai MD ta ƙi shi. Za su tambaye ki me ya sa DO, me kika sani game da jiyyar da ake yi da hannu wato OMT, wasiƙar wanda kika bi a asibiti ita ke nuna ba haddace amsar kika yi ba. Ƙungiyar likitocin DO ta Amurka, wato AOA, tana da wajen neman su a shafinta, ki tura imel ga da yawa, wasu ba za su amsa ba kar ki ji haushi, ɗaya kike buƙata. Sai dai fa in kwana biyu kawai kika bi mutum, wasiƙarsa ta cike sharaɗi ce kurum, ki riƙe ta MD ɗin nan da ya san ki da kyau, ki tura duka biyun tunda AACOMAS tana da gurbin wasiƙu har shida.

In jami'arku tana da kwamitin masu neman likitanci ki karɓi wasiƙarsu, rashinta yana sa a yi tambaya. In babu, yawanci malaman kimiyya biyu ake so, ke kuma ɗaya kika ambata, toh ki nemi na biyu tun yanzu. Dole kowace wasiƙa ta kasance a takardar ofis mai tambari da sa hannu, kuma ban da ta 'yan uwa ko da kawunki likita ne.

Lokacin da za ki roƙa kar ki ce a rubuta miki wasiƙa kawai, ki ce shin za su iya rubuta miki mai ƙarfi, in kika ga mutum yana inda-inda ki yi godiya ki nemi wani. Ki ba su CV da bayanin kanki da kika rubuta, ki tuna musu abubuwa biyu ko uku da kuka yi tare, ki ba su kamar wata biyu, kuma dan Allah ki ajiye kunyar nan ki tuna musu in lokaci ya matso, a nan ba wanda ke ɗaukar hakan raini.

Ba ki faɗa ba ko kina da girinkat, wato katin izinin zama na dindindin a Amurka, ko bizar karatu ce, ki sanar da ni don ba duka makarantun DO ke ɗaukar 'yan ƙasar waje ba, zai canja jerin da za ki nema. Allah Ya ba da sa'a.