Nunan fari: sai na ba da albashina duka?

'Yar'uwa, kin ce kin fara aiki a Jos, an ce ki kai albashin farko coci dungurungum a matsayin nunan fari, wato amfanin farko da ake miƙa wa Allah, ga kuɗin haya na jiranki.

Zakka daban, nunan fari daban. Zakka a Littafi Mai Tsarki ɗaya bisa goma ce. Nunan fari kuwa, a littafin Maimaitawar Shari'a sura 26, manomi yakan ɗiba daga amfanin farko ya sa a kwando, ba a ce ya share rumbu ba. Kakata a Bokkos manyan dankali take fara zaɓa, ba ragowa ba.

Ki ware naki ranar da kuɗin ya shigo, da yardar ranki. Kada ki ci bashi saboda wannan, kada kuma ki mai da shi ciniki da Allah. In cocinku na da nata tsari, ki sami fasto ki gaya masa batun hayar.