Hukuncin fita Umara ga wanda kotu ta yi wa ɗaurin talala

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ni ɗan kasuwar albasa ne a Jega. Kwanakin baya muka samu saɓani da wani ɗan dako kan buhunana da ya jibge a rana, raina ya ɓaci na kai masa naushi a baki, haƙorinsa na gaba ya fita. A kotun majistare na amsa laifina. Alƙali ya yi mini ɗaurin talala na shekara biyu: duk wata in je in sa hannu wurin jami'in da ke sa ido a kaina, kada in bar ƙasa sai da izinin kotu, in kuma biya yaron kuɗi kashi uku. Na biya kashi ɗaya. Kawuna ne ya tsaya mini, har ya ajiye takardar gidansa. Na daɗe ina tara kuɗin Umarar azumi. Wani ɗalibin ilimi ya ce dokar boko ba ta isa ta hana bawa ziyartar ɗakin Allah ba, in bi ta Kamba in hau jirgi a Yamai, in dawo kafin ranar sa hannu. Ina da laifi wurin Allah in na yi haka?

Amsa: Wa alaikumus salam wa rahmatullah. E, ɗana, kana da laifi, kuma wannan tafiya a ɓoye ba ta halatta gare ka ba. Umarar kanta, da ka yi ta, ta inganta, sai dai ka dawo da zunubin saɓa alkawari da cutar da wani.

Inda na fi tsayawa a wasiƙarka shi ne maganar da ka wuce da gudu: kawunka ya tsaya maka. Da kai kaɗai ne, da mun ce mutum ne zai jefa kansa cikin wahala. Yanzu kuwa wuyan dattijo ne a ciki. Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya ce mai lamuni shi ne mai biya. Malamanmu na Malikiyya sun tafi a kan cewa wanda ya yi lamunin kawo mutum, in ya kasa kawo shi, to abin da ake bin mutumin ya koma kansa, sai in tun farko ya sharɗanta ba ruwansa da dukiya. Kotu ma kuɗin lamunin za ta nema a hannunsa. Ka ce za ka dawo kafin ranar sa hannu. Wa ya ba ka tabbaci? Ka san yadda jiragen Umarar azumi suke yi da mutane bayan Sallah. Ranar da aka kira sunanka ba ka nan, kawunka ne zai tsaya gaban alƙali yana murza hula a hannu, alhali iyalinsa na kwana a gidan da aka riƙe takardarsa. Ka shawarce shi kuwa? Ban ga ka ambata ba, ina jin kuma ka san amsar da zai ba ka.

Sai maganar ɗalibin nan, Allah Ya ƙara masa fahimta. Hujjarsa ita ce ba a yi wa abin halitta ɗa'a cikin saɓon Mahalicci. Gaskiya ne, amma ina saɓon a nan? Umara a mazhabarmu sunna ce mai ƙarfi sau ɗaya a rayuwa, jinkirta ta shekara biyu ba zunubi ba ne. Waɗanda suka wajabta ta ma sun sharɗanta iko, wanda haƙƙin wani ya riƙe shi kuwa ba mai iko ba ne. Shi ya sa Shehu Khalil, mai littafin Mukhtasar na fiƙihun Malikiyya, da ya zo kan wanda aka tsare bayan ya yi harama, ya bambanta wanda aka tsare da zalunci da wanda aka tsare bisa haƙƙi, rangwamen kwance harama ya ba na farkon. Kai da bakinka ka ce ka cire wa yaro haƙori.

Ɗalibin ya ce dokar boko ce. To mu bar masa wannan, kada mu ja. Huzaifa ɗan Yamanu da mahaifinsa sun fito za su Madina, Ƙuraishawa suka tare su, ba su sake su ba sai da suka yi alkawarin ba za su yi yaƙi tare da Annabi ba. Ana gab da Badar ne, Musulmi ɗari uku da 'yan kai, abokan gaba wajen dubu, ana bukatar kowane hannu. Suka ba Annabi labari, ya ce su koma, za mu cika musu alkawarinsu mu nemi taimakon Allah a kansu. Muslim ya ruwaito shi. Alkawari ne da mushirikai suka karɓa a hannun wanda suka kama, ya hana sahabi halartar Badar. Yaya naka, da ka sa wa hannu don kanka, a kan laifin da ka amsa?

Kuma ranar da alƙali ya karanta sharuɗɗan nan, ba ka ce dokar boko ba ce, hamdala ka yi. Tun a tsohon kundin hukunta laifuka na Arewa, wato Final Kod na 1960, karya ƙashi ko cire haƙori na cikin rauni mai tsanani, wanda ɗaurinsa kan kai shekara bakwai. An bar ka ka kwana a ɗakinka, ka ci kasuwarka. Ka karɓi sassaucin, yanzu kana neman fatawar da za ta sauke maka sharaɗin da ya zo da shi.

Shi kansa irin wannan hukunci ba baƙo ba ne a fiƙihu. Ibnul Ƙayyim ya bayyana cewa tsarewa a shari'a ba dole sai an kulle mutum a ɗaki ba, hana shi sakewa ne, ko a gida, ko a masallaci, ko a haɗa shi da wanda zai lizimce shi. Jami'in da kake zuwa wurinsa, na sashen hukunci ba tare da ɗauri ba da dokar Hukumar Gidajen Gyaran Hali ta 2019 ta kafa, aikin da yake yi kenan. In ka karya sharaɗi, kotu na da ikon sa a kamo ka ta yanke maka hukuncin laifin farko.

Yanzu haƙorin. Tunda da gangan ne, asalin haƙƙin yaron ƙisasi ne ta hannun hukuma, ko ya yafe, ko ku yi sulhu a kan abin da ya yarda da shi, kuma daga aljihunka zai fito, dangi ba sa ɗaukar diyyar ganganci. Don ka san nauyin abin: diyyar haƙori ɗaya raƙuma biyar ce, wato dinari 50, kimanin giram 212 na zinariya. Je ka tambayi masu gwal nawa ne wannan, sannan ka dubi abin da kotu ta ce ka biya. Saura kashi biyu a kanka, ga kuɗin kujera a hannunka. Mai bin bashi yana da damar hana wanda yake bi tafiya in lokacin biya zai yi yana can. Ka ɗauki kuɗin Umarar ka biya shi duka yau, kada ka jira wa'adi. Ka je da ƙafarka, da wani babba, ka same shi inda yake dako, ka tambaye shi a fili ko ya karɓi wannan a matsayin sulhu. In yana son a dasa masa haƙori, ɗauki nauyin.

Bayan haka, in akwai saura, ƙofa a buɗe take: lauya ya shigar da roƙo gaban kotun da ta yi hukuncin, da sanin kawunka, a nemi izini a rubuce da ranar fita da ta dawowa. Izinin baki daga jami'i ba ya wadatarwa, ba shi wani abu don ya kau da kai kuwa cin hanci ne. In an hana, ka haƙura har wa'adin ya cika.

Abu ɗaya da ba ka tambaya ba. A wasiƙarka ka fara da buhunan da aka jibge a rana, kamar har yanzu kana ganin da ɗan uzuri. Albasa ce, ɗana. An hana dukan fuska ko a kan dabba. Kana mu'amala da 'yan dako kullum, kuma wani zai sake ɓata maka rai kafin shekara biyun nan su ƙare. In ka ji abin ya taso, ka nemi tsari, ka zauna, ko ka bar wurin ka sa yaronka ya ƙarasa lissafin.

Wallahu a'alam.